Mama Vicky, Mai Wa'azi da Yatsu

Duk ranar Lahadi, kafin mawaƙa su gama gwada ganga, Mama Vicky ta riga ta sauka daga keke napep a bakin cocinmu na Trikania. Sai ta cire zobe da awarwaro ta jefa a jaka, don kada ƙyalli ya ɗauke hankalin masu kallonta, ta tsaya tana fuskantar benci biyu na kurame. Shekara ashirin da bakwai ke nan, Fasto na wa'azi da baki, ita tana yi da hannu. Tela ce fa, ba wani kwas ta yi ba! Ƙanwarta ce kurma, a gida ta koya.

Wata rana aka yi wa'azi a kan halayen Allah. Fasto ya dinga nanatawa: "Allah mai jin kuka ne, ku ɗaga murya!" Baba Isiyaku kafinta, wanda tun haihuwa bai taɓa furta kalma ba, ya miƙe tsam ya fita. Mako uku ko ƙeyarsa ba a gani ba. Mama ta bi shi har shagonsa a Gonin Gora. Da hannu ya tambaye ta: shekara hamsin yana addu'a, ashe mai murya kaɗai ake saurara?

Da ƙyar ta lallaɓo shi ya dawo. Daga ranar, duk inda Fasto ya ce "Allah na ji", sai ta kai yatsa ido maimakon kunne. Dattijo Timothy, da ya ɗan tsinci maganar hannu, ya lura, ya kai ƙara: tana canza wa'azi, a sauke ta.

A gaban dattawan coci ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, Allah kunne gare shi irin namu? Hajaratu a cikin jeji, ba Allah mai ganinta ta kira shi ba? In na yi kuskure ku sauke ni. Amma ku je da kanku ku gaya wa Isiyaku addu'arsa ba ta isa sama."

Dattijo Timothy ya sosa ƙeya. "Kai, matar nan! Koma bakin aikinki."

Mama, ke ce kika tuna mana cewa wanda ya halicci harshe shi ya halicci yatsu. Wallahi muna alfahari da ke, kuma mun gode. Yanzu sanyin ƙashi ya kama hannayen nan, dole kin ajiye aiki, benci biyu kuwa suna nan suna jira. Masu lafiyar yatsu, ku je ku koya tun tana iya gyara muku.

Ranar da aka yi mata ban kwana, Baba Isiyaku ne ya rufe taro da addu'a. Duk cocin ba wanda ya rufe ido. Ya nuna sama, ya taɓa idonsa, sannan ya nuna ta.