Takardar Lafiyar Nasiru

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da Larabar da na sa hannu a takardar lafiyar Nasiru ba. Tun da na ga ku sababbin ma'aikata kun fara amsa gayyatar ƙungiyoyin wasa a ƙarshen mako, gara ku ji labarin daga bakina.

A lokacin ina matakin albashi na tara a nan sashen gashin ƙashi. Asabar da Laraba da yamma kuma ina taimaka wa wata ƙungiyar samari a cikin birnin Zariya da ke buga ƙwallon Amurka. Ga wanda bai san ta ba, ƙwallo ce mai kama da ƙwai, ana rungumarta a ruga da ita, abokan hamayya kuma su tare mutum su kayar da shi. Mutanen gari zari-ruga suke ce mata, duk da ba ita ba ce. 'Yan wasa na sa hular kwano da sulken kafaɗa, namu duk na gwanjo ne. Muƙamina a ƙungiyar shi ne jami'in lafiya. Wanda ya ji rauni ba ya komawa fili sai na duba shi na sa hannu, koci ya karɓi takardar ya ajiye a fayil.

Wasan yana da 'yan kallo fiye da yadda za ku zata. Akwai wata majalisa kusa da Ƙofar Doka, gaban shagon Sagir mai gyaran waya, inda ake taruwa bayan la'asar. A Amurka akwai lokacin da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, ɗaya bayan ɗaya. 'Yan majalisar nan sun san tsawon kowane yaro da nauyinsa da saurin gudunsa, suna musu a kan wa ya kamata a fara ɗauka kamar 'ya'yan maƙwabtansu ne. Ni ma nakan zauna da su, ba zan ɓoye muku ba. Musun yana da daɗi matuƙar wanda ake magana a kansa yana bayan teku.

Sai ga shi a wata damina musun ya dawo gida. Aka aiko wa ƙungiyarmu takarda cewa za a yi sansanin gwaji a Legas, masu neman 'yan wasa daga waje za su zo, an ba mu gurbi ɗaya. Kowa ya san tsakanin mutum biyu abin yake. Na farko Nasiru, ɗan Ƙofar Jatau, shekararsa ashirin da biyu, siriri, mai ɗaukar ƙwallo ya ruga. Mahaifinsa, Malam Ɗahiru, mai ɗinkin hannu ne na manyan riguna, Nasiru kuma a zaurensa yake wuni da allura. Na biyu Isiyaku, ƙato daga wani ƙauye a hanyar Soba, ɗan dako a kasuwar hatsi, aikinsa a fili tare masu gudu.

Majalisa ta rabu biyu. Sagir yana ɓangaren Isiyaku. Yakan ce, "Turawan nan ba gudu suke nema a wurinmu ba, suna da masu gudu har sun yi musu yawa. Ƙarfi suke nema. Ku duba duk wanda aka ɗauka daga ƙasashenmu, ƙato ne."

'Yan cikin birni kuma su ce Isiyaku ƙarfi ne ba dabara, ba ya gane tsarin wasa sai an maimaita masa sau uku. Wani lokaci maganar ta fita daga wasa ta koma ɗan birni da ɗan ƙauye. Koci Bala ya rasa yadda zai yi, sai ya yanke cewa za a raba ƙungiya biyu a yi wasa na gaske ranar wata Asabar, a haɗa su a fili, wanda ya fi, shi za a tura sunansa ranar Litinin.

Saura mako guda cif, a atisayen Asabar, Nasiru ya yi tsalle zai cafe ƙwallo, ya faɗo ta baya, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Ya tashi da kansa. Amma na ga ya nufi ɓangaren da ba nasu ba, sai da wani ya jawo rigarsa. Na kira shi gefe na cire masa hula.

"Nasiru, yau wace rana?"

Ya ce Juma'a. Na ce ya lissafo mini watannin shekara daga Disamba ya yi baya. Ya kai Oktoba ya tsaya yana dariya. Na sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya ya rufe ido, ya yi tangaɗi.

Ƙa'idar bugun kai ba ta da wuyar ganewa. Wanda ya nuna alamar ruɗewa an gama da shi a ranar. Likita ya gan shi, ya huta har ciwon kai da jiri su ɗauke gaba ɗaya. Sannan ya bi matakai: tafiya, sassarfa, atisaye ba karo, daga ƙarshe karo. Kowane mataki da kwanansa, idan alama ta dawo a koma baya. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba, bugu na biyu ko ƙarami ne yana iya kumbura ta. Na san wannan sarai, har koyar da shi nake yi. Na fitar da shi, na ce ya je asibiti, na gaya wa koci da wuya ya buga wasan Asabar.

Kafin magariba labari ya kai Ƙofar Doka. Washegari da na biya ta wurin, na tarar ana ta yi. Sagir yana cewa, "Ai dama na faɗa. Yaro ya ga za a haɗa shi da Isiyaku, sai kai ya fara ciwo. Can Amurka mutum da karyayyen yatsa yake buga wasa. Wanda ba shi da zuciya me zai je yi Legas?"

Masu goyon bayan Nasiru kuma ni suka juyo wa. Ɗaya ya ce, "Malam Tukur, kai ɗan birni ne, kada a ce da hannunka aka rufe wa ɗanmu ƙofa." Na yi musu bayani, suka saurara kamar yadda ake sauraron wa'azin da ba a yi niyyar bi ba. Duk abin da aka faɗa a wurin kuma an maimaita shi a zauren hirarsu na wayar salula, inda Nasiru yake karantawa.

Ranar Talata shugaban ƙungiya, Alhaji Mu'azu, ya kira ni. Mutumin kirki ne, shi ya sayo yawancin hulunan. Ya ce, "Malam Tukur, ba zan koya maka aikinka ba. Amma irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Idan aka ba Isiyaku gurbin ba tare da an buga ba, rabin ƙungiyar nan za su watse. Ka sake duba shi, don Allah."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan duba."

Laraba da la'asar Nasiru ya zo bakin fili. Na tambaye shi rana, ya faɗa. Watanni kuwa ya zubo su daga Disamba zuwa Janairu ba ko numfashi, da sauri fiye da yadda ni zan iya. Nan na gane hadda ya yi. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, bai faɗi ba, amma na ga yatsun ƙafarsa suna damƙar ƙasa. Kuma tun da ya zo yake juya wa rana baya, yana ƙanƙance ido. Asibitin da na ce ya je bai je ba.

"Kanka na ciwo?"

"Ko kaɗan, Malam."

"Ka dube ni ka faɗa."

Ya dube ni. Ya ce, "Malam, shekara huɗu ina wannan wasa. Yanzu ko masallaci na shiga sai in ga ana kallona. Idan Isiyaku ya fi ni, ya fi ni a fili, na yarda. Amma kada a ce tsoro na ji. Ka taimake ni."

A takarda ya amsa duk tambayoyin daidai, da wannan na lallashi kaina. Na ɗora takardar a kan sirdin babur ɗina na rubuta cewa ya warke, zai iya karo. Na sa hannu, na sa kwanan wata. Koci Bala ya karɓa bai ko karanta ba, don ya yarda da ni.

Ranar Asabar filin ya cika, har kan katanga mutane. Nasiru ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi ba. Sau biyu yana zille wa Isiyaku. Ana cikin zagaye na biyu ya karɓi ƙwallo ya biyo tsakiya, Isiyaku ya tare shi. Ina so ku riƙe wannan: tarewa ce mai tsabta, kafaɗa a ƙirji, irin wadda ake koyarwa. Nasiru ya faɗi, kansa ya ɗan bugi ƙasa, ya tashi, har ya dafa kafaɗar Isiyaku. Ya yi taku kamar goma zuwa wurin 'yan ɓangarensa, sai ya durƙusa, ya yi amai a cikin hular, ya kife.

Da na buɗe idonsa na ga ƙwayar ɗaya ta fi ɗaya girma. Ba mu da motar asibiti. A Keke mai ƙafa uku muka sa shi, ina riƙe da wuyansa da hannu biyu, Isiyaku ya rungume ƙafafunsa, har muka fita ta Ƙofar Doka zuwa babban asibiti. Hoton kai ya nuna jini ya taru, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Aka shiga da shi tiyata a ranar. Likitan da ya karɓe shi ya tambaye ni ko ya taɓa buguwa kwanan nan. Na ce mako guda da ya wuce. Ya ce, "Wa ya bar shi ya buga?" Na ce ni ne. Ya ci gaba da rubutu.

Nasiru ya rayu. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, da ya farfaɗo kuma ɓarin jikinsa na hagu ya saki, maganarsa ta yi nauyi. Alhaji Mu'azu ya tura sunan Isiyaku kamar yadda aka tsara, amma Isiyaku ya ƙi zuwa. Ya kawo hularsa da sulkensa ya ajiye a ƙofar gidan koci, ya koma dakonsa. Na same shi a kasuwa na ce masa ba laifinsa ba ne, na gaya masa na wane ne. Ya ce, "Na ji, Malam. Amma ni na ji ƙarar faɗuwarsa a jikina." Gurbin ya tafi a banza.

Majalisa ta yi jimami na 'yan kwanaki. Sun je dubiya, Sagir har da kuka a bakin gado, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Bayan sati biyu na wuce ta wurin na ji suna musu a kan wani yaro a Amurka da aka ce gwiwarsa ba ta da ƙwari, ko ya cancanci a ɗauke shi da wuri. Wani yana cewa raki ne kawai. Ban sake zama a wurin ba.

Da aka sallami Nasiru, sai aka turo shi gashi. Fayil ɗinsa ya faɗo a teburina. Na so in miƙa wa wani, shugabar sashe ta ce ni na fi sanin jikinsa. Wata bakwai ina koya masa ɗaga ƙafa, da buɗe yatsu, da riƙe kofi. Malam Ɗahiru ke kawo shi a Keke duk Litinin da Alhamis, ya zauna a benci da carbinsa. Wata Alhamis bayan mun gama, na zauna kusa da shi na ce, "Baba, akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar da na sa masa hannu, na ga alamar bai warke ba."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Na sani. Kwana uku yana ɗinki a zaure da ƙyalle ɗaure a goshi, yana kuskuren zare. Na tambaye shi, ya ce likitansu ya ce ba komai. Sai na ce to, masu ilimi sun fi ni sani." Ya miƙe ya gyara hularsa. "Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Amma ka ci gaba da yi masa gashin, Malam Tukur. Kada ka ba wani."

Ba a kai ni gaban kowane kwamiti ba. Takardar tana nan daidai, amsoshi daidai, sa hannu daidai. Na ajiye aikin ƙungiyar da kaina a ƙarshen wannan shekarar. Nasiru yanzu yana tafiya da sanda, ƙafar tana ja. Hannun hagun bai dawo yadda zai riƙe yadi a yi ɗinki ba, sai mahaifinsa ya sa shi kula da masu kawo aiki da masu karɓa.

Abin da na koya ke nan. Ɗan wasa ba ya zuwa gabanku shi kaɗai. Koci na bayansa, shugaba na bayansa, bakin unguwa duk na bayansa, kuma babu mugu a cikinsu, kowa so yake ya ga an buga. Shi kansa zai yi muku ƙarya da zuciya ɗaya, don a shekarunsa a ce masa matsoraci ya fi masa ciwon kai zafi. Cikin wannan taro ku kaɗai aka ɗauka don ku ce a'a. Idan idonku ya ga abin da takarda ba ta tambaya ba, ku bi idonku. Za a zage ku a majalisa, yaron ma wataƙila ya yi shekara ba ya muku magana. Ku ɗauka. Ni Nasiru bai taɓa fushi da ni ba. Duk Juma'a idan mun haɗu bayan an sauko, shi ke fara tsallako titi da sandarsa ya gaishe ni, ya jingina ta a jikinsa ya miƙo mini hannun da ya rage masa. Da gabar shekara goma ya yi da ni yana tafiya da ƙafafunsa biyu, da ta fi mini sauƙin ɗauka.