Ranar da Ruwan Shuka Ya Raba 'Ya'yan Larai

Matso nan, ga tabarma, zauna in ba ka labarin Muntaka. I, shi dai wanda kake gani ranar kasuwar Kunci yana sayar da irin gero da wake, da 'yar furfurarsa a gemu. Kada natsuwar nan ta ruɗe ka. An yi wasu shekaru biyu da in aka yi biki a yankin nan ba shi, to amarya da gaske take kukanta.

Su biyu ne, shi da ƙanensa Sama'ilu. 'Ya'yan Larai ake ce musu, da sunan mahaifiyarsu, don uban ya rasu tun suna ƙanana. Waƙar fiyano suke yi, irin mai sa ƙafa ƙaiƙayi. Sau ɗaya tak suka shiga situdiyo, suka fito da waƙa huɗu, masu cajin waya suka yi ta tura wa mutane har Bagwai. Amma rawar ce ta fito da su, kuma daga gona suka ɗauko ta: Muntaka a gaba yana sara kamar mai riƙe da sungumi, Sama'ilu a baya yana jefa iri yana binnewa da diddige, ga riguna masu ƙyalli iri ɗaya. Wayyo, ka ga fili ya kaure da guɗa, ƙura ta tashi! Inna Larai takan ce, "A gona ƙafarku ciwo take, a gaban 'yan mata kuwa ta warke."

A bazara ta biyu wani mai shirya wasa, Kamaruddeen, ya gayyace su birnin Kano, za su hau dandamali a ɗauke su bidiyo. Irin damar da ba ta zuwa sau biyu.

Ranar tafiya da hantsi suna tasha suna jiran mota ta cika, sai gabas ta yi baƙi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, na farko a shekarar. Da ya ɗauke, Muntaka ya tsuguna a gefen hanya ya tona ƙasa da hannu. Laima ta wuce wuyan hannunsa.

"Yaya, don Allah kada ka fara," in ji Sama'ilu. "Gona ba ta gudu."

"Gona ba ta gudu, laima ce ke gudu."

"Kwana biyu fa kawai!"

"Kwana biyu rairayin nan ya bushe. Wa zai yi wa Inna shuka? Bidiyon za a tuƙa mana tuwo da shi?"

"To sannu, Sarkin Noma. Sai ka zauna."

Muntaka ya sauke jakarsa daga mota. Sama'ilu ya tafi shi kaɗai.

Waɗanda suka gani sun ce ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma mutum ne yana bin bayan wanda babu, yana binne ramin da ba a sara ba. 'Yan birni ba su gane komai ba, suka yi ta sowa a sauke shi, Kamaruddeen ya sa aka canza kiɗa. Kunya ta hana Sama'ilu dawowa. Can ya zauna, yanzu adaidaita sahu yake tuƙawa.

A ƙauye kuwa ruwa bai sake sauka ba sai bayan kwana goma sha takwas. Waɗanda suka yi jinkiri sun sha wuya a shekarar, rumbun Inna Larai kuwa ya cika har baki.

Duk Sallah Sama'ilu yana zuwa. Kwano ɗaya suke ci, su yi hirar yara da tsadar taki, Muntaka ya raka shi tasha da buhun gero. Maganar waccan rana dai ba wanda ya taɓa tayar da ita, kuma ba su sake tsayawa fili tare ba.

To kai fa, da kai ne tsugune a gefen hanyar nan, hannunka cikin laima, ƙanenka yana kiranka daga mota, ina za ka nufa?