Sandunan Golar Kawu

Jiya na fake a inuwar cediyoyin nan biyu na hanyar Gayam, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Zamanin Turawa, manoman garinmu suka haɗa dawa aka sayar, aka kafa mana ƙungiyar ƙwallo, amma gara ta riƙa cinye sandunan gola. Kawu ya shiga daji ya saro ɗanyun rassan cediya biyu ya kafa a madadinsu. Kullum a gindinsu yake juye sauran ruwan alwalarsa, har suka toho.

"Kawu, ganye yana tare mana ƙwallo," muka ce.

"To, ku buga ƙasa-ƙasa mana."

Aikin masaƙa ya kwashe mu zuwa Kaduna, filin ya koma gona. Golar kaɗai ta rage tsaye. Allah Ya ba Kawu inuwar da ta fi wannan sanyi.