Ɗanyen Icce Ba Ya Shan Ruwa

Shekarar farin nan, zamanin soja, gara ta cinye dirkokin rumbunmu a Korgom. Hatsin ciki bai kai dami goma ba, amma maigidana ya ɗauki abin da zafi. Ya je Tasawa ya dawo da wani koren gari a takarda. Kafintan da ya ba shi ya ce gubar gara ce: a dama da ruwa, a jiƙa gindin icce kwana uku, amma sai busasshe, don ɗanye cikinsa cike yake, ba ya sha.

Busasshe kuwa mata sun tsince shi tuni. Maigida ya saro ɗanyen gawo, abin da in 'yan gandun daji suka gani sai ɗauri. Don haka bai jiƙa a tsakar gida ba. Ya shigar da rabin tano, wato gangar ƙarfe, ɗakina, kusa da randa, ya zuba tulu huɗu da na kwashe wuni ina jira a bakin rijiya, ya dama garin, ya tsoma iccen a ciki. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Ya ce mata ba su san aiki ba.

Kwana biyu ruwan yana nan inda ya zana da gawayi. Rana ta uku na dawo daga rijiya na tarar da shi yana murna.

"Zo ki gani, icce ya sha!"

Ruwan ya ragu da kusan taki guda. Na tuna maganar kafinta. Sai na ga moɗa a ƙasa, cikinta kore shar. Ɗiyata, mai shekara uku, ita kaɗai na bari a gida.

Na same ta bayan ɗaki. Na buɗe bakinta da ƙarfi, ina duba harshe, ina shinshinawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

"Kin sha? Faɗa mini, kin sha?"

Ta fashe da kuka. "Inna, akuya na ba. Ƙishi take ji."

Na zube ina alhamdulillahi. Akuyar ta mutu kafin la'asar, maigida ya binne ta.

Washegari yarinyar ta ɗauko 'yar ƙwaryarta ta tsaya bakin turke, yadda ta saba. Akuyar nan ita kaɗai fari ya bar mana, kuma nononta ne abincin ɗiyata.