Takardar da Ta Sauke Ma'ajinmu

Ina koyar da Turanci a wata kwalejin horar da malamai a Gashuwa, takarda ta zo daga sama cewa daga yanzu babu ma'aji, sai abin da Turawa ke kira basa, kuma basa dole ya kasance mai difloma. Ma'ajinmu dattijo ne mutumin Jakusko, iyakarsa firamare, tun kafin in iya wanke hannuna yake riƙe da makullan makarantar. Ni aka sa in fassara masa takardar, abin da har yau yake ci mini rai.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, mene ne basan nan da ni ban kai ba?"

Na ce, "Baba, bari in duba."

Na nufi laburare na buɗe babban ƙamus. Kalmar daga Latin take, asalinta jakar fata ce ta zuba kuɗi, basa kuwa mai riƙe jakar. Shi ke nan fa. Mu da muka ce ma'aji ai mun fi su faɗin gaskiya, tun da daga ajiya muka ciro shi. Raina ya ɓaci, na ɗauki ƙamus ɗin ɗungurungum na dire a teburin shugaban makaranta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin da ma'ajinmu yake yi ne aka sa wa riga da wando."

Ko kallon shafin bai yi ba. Ya ce ba shi ya rubuta takardar ba.

Na roƙe shi abu ɗaya, ya tara jama'a ya faɗa da bakinsa cewa ba laifi dattijon ya yi ba. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da za a ce idan an karɓe makulli daga hannun mai ajiya. Ya ce ba a ba shi wannan umarnin ba. Umarni, don Allah! Sai ka jira umarni kafin ka wanke mutum?

Aka kawo sabon basa, wani matashi ɗan 'yan kasuwar Nguru, mai ladabi, ba ni da ta cewa a kansa. Kafin wata ya ƙare, masu kifi a bakin kogi suna ta faɗin an kama ma'ajin kwaleji. Na yi musu har muryata ta dishe. Da na ce sunan aikin kawai aka canza, sai su yi mini dariya, su ce ai suna ba ya korar mutum.

Ranar wata Juma'a na tarar da dattijon zaune a ƙofar gidansa, bai fita gaisawa da kowa ba. Na tsuguna na gaya masa abin da na gani a ƙamus.

Ya ce, "Mai riƙe jaka. To, Malam, je ka faɗa wa limamin unguwa. Ɗazu ya aiko a karɓi makullin asusun masallaci."