Littattafan Malam Bala da Aka Ƙone

Ina kasuwar Yelwa ina zaɓen busasshen kifi wayata ta yi ƙara. Inna Kulu ce, matar malamina. "Hadiza, Malam ya cika da hantsin nan," ta ce. Na yi salati, na ajiye kifin, na tsaya a tsakiyar hanya har masu babur suka fara yi mini tsawa. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Malam Bala shi ya koya mana kwamfuta a sakandare, amma zuciyarsa tana wurin tsara wasanni. Ni da yanzu nake ƙirƙirar wasan waya, ban taɓa na'ura a gabansa ba sai da na yanka kwali na gina wasan da hannu. Yakan ce, "In bai yi daɗi bisa tabarma ba, waya ba ta ƙara mai gishiri." Ranar da na kawo wasana na farko, na tsaya ina yi wa 'yan ajinmu dogon bayani. Ya ɗaga hannu. "Rufe bakinki ki dubi hannunsu. Inda sunka tsaya, nan kuskurenki yake." Ya kuma hana mu yin wasan da mutum zai faɗi bai san abin da ya kayar da shi ba.

Darussan wannan fanni duk da Turanci suke a intanet, shi ya sa ya ɗauki alƙalami. Shekara da shekaru yana bin ƙauyukan bakin tafki, daga Ngaski har Shanga, yana zama da tsofaffi masu dara, yana rubuta dokokin darar kowane gari da dalilinsu a littattafai, da Hausa. Ya kuma zana wasansa na masunta a katunan kwali, wanda in kowa ya kwashe ƙananan kifi da taru, zagaye na gaba kowa ya tashi hannu wofi.

Ranar sadakar uku na shiga gidan, warin ƙonannen kwali ya tare ni. Ashe yayan Malam, Alhaji Mudi, ya buɗe akwatinsa, ya ga katuna da 'yan duwatsu, ya ce karta ce. Ya haɗa da littattafan ya cinna musu wuta a bayan gida.

"Baba, ba caca ba ce," na ce masa. "Karatu ne!"

"Mi kike so mutane su ce? Malami guda ya mutu ya bar karta cikin ɗaki? Asiri munka rufa mai. Tahi wurin mata, ɗiya."

Raina ya ɓaci, kuma har yau a ɓace yake. Ko shafi ɗaya bai buɗe ba. Bai tambayi Inna Kulu ba, bai tambayi ɗalibi ko ɗaya ba. Mutumin da ya ƙi ko wasan canki-canka saboda babu basira a ciki, shi aka yi wa zaton caca a gidansa, kwana uku da binne shi. Yawancin tsofaffin da suka faɗa masa dokokin nan sun riga shi tafiya, babu wanda za a koma a tambaya.

Allah Ya jiƙan Malam Bala, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Kulu haƙuri, Ya raya 'ya'yan da ya bari. Alhaji Mudi kuwa, an ce in yafe masa tunda da kyakkyawar niyya ya yi. Allah Ya yafe masa. Ni ban kai nan ba tukuna.