Ranar da Baba Ya Ƙi Yin Nishi

Shekarar da gwamnatin soja ta watsa wa ma'aikata kuɗin arzikin man fetur, duk mai ɗaukar albashi a Sakkwato sai da ya sayi babur. Sayen aka fara yi, koyon tuƙi ya biyo baya. Masinja ya saya, akawu ya saya, ni ma da ban daɗe da fara koyarwa ba na sayi nawa. Saboda haka ɗakin taimakon gaggawa na asibiti ya koma kamar kasuwa ranar cinta. Wannan ya karye a hanyar Kalambaina, wancan ya yi karo da jaki a Gawon Nama, kuma kowane mai karaya yana tafe da danginsa da kwanukan abincinsu.

A cikin wannan hali ne ciwon ciki ya kama mahaifina. Malami ne mai karantarwa a zaure, mai kawaici irin na mutanen da, wanda ko kunama ta harbe shi sai dai ya ce wani abu ya taɓa shi. Ran nan da hantsi sai ya rufe littafi ana tsakiyar karatu, ya ce a tashi, abin da bai taɓa yi ba. Ƙanwarsa, Goggo, ta leƙa ta ga gumi na zubo masa, cikin ya kumbura ya yi tauri, sai ta aika aka kira ni daga makaranta. A tasi muka kai shi, don ya ce shi da babur ɗina sai dai kallo.

Ni ne ɗan farinsa, kuma a gidaje irin namu ana kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa yin dariya ina wurin ba. Na girma a haka har na daina lura.

Da muka shiga babu gado, babu benci, ƙasan ma sai ka duba kafin ka taka. Zafin bazara ya haɗu da warin magani, fanka na juyawa kamar an tilasta mata. Likita ɗaya ne, wani ɗan Indiya, yana can bayan labule yana ɗinki. Nas ma ɗaya ce, wata Kirista 'yar Filato da kowa ke kira Sista, farar hularta ta karkace don gudu. Hannu biyu gare ta kamar kowa, don haka ta fito da tsarinta: wanda ya fi kowa ihu shi ake fara dubawa. A gabanmu wani ƙaton direban tifa da ya gurje gwiwa ya yi ta kururuwa kamar ana yanka shi, nan da nan aka wanke masa aka naɗe.

Da ƙyar na samo wa Baba gefen benci. Zamansa ke nan wani tsoho ya shigo yana dogara sanda, sai Baba ya miƙe ya ba shi wurin, ya koma kan tabarma. Kafin azahar labari ya kai unguwa, ɗalibansa suka zo dubiya, dattawa da gemunsu, suka zauna suka kewaye shi. Dole ya gyara zama ya amsa gaisuwar kowa. Wani daga cikinsu, Allah ya yafe masa, har da yin tambaya a kan rabon gado, Baba kuma ya ba shi amsa.

Can Sista ta iso kanmu tana haki. Ta dubi taron ta ce, "To, wane ne mara lafiya a nan?"

Aka nuna mata.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ya aiki? Ya mutanen gida?"

Ta ce lafiya lau, ta wuce. Da ta sake zagayowa haka aka yi, har da ƙarin sa albarka. Raina ya ɓaci, na bi ta na ce babu wani sauƙi, mutumin nan yana jin jiki. Ta ce, "Malam, mai jiki ya ce da sauƙi. Duba wancan, jini yana zuba. Wane zan bari?" Gaskiya ta faɗa.

Na dawo na ga leɓen Baba ya yi fari, yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe, ya damƙe carbi har jijiyoyin hannunsa sun tashi. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ga zai mutu a kan tabarmar nan yana gaisa da mutane. Sai na ƙara matsawa kusa da shi ina yi masa fifita, shi kuma ya ƙara miƙe baya.

Goggo ce ta gaji. Ta fara da ɗaliban: "An gode, Allah shi ba da lada, ku tashi hakanan." Suka tashi suna addu'a. Sannan ta juyo kaina.

"Kai ma hita."

"Goggo, ni fa na kawo shi."

"To kai na matsalar! Mutumen ga tun da sahe shika son yin nishi, kai ko ka tsaya mai bisa kai awa dogari. Ina kat taɓa ganin uban da yay yi raki gaban ɗan hwari? Tahi can inda ba ya ganin ka."

Na fita ina ƙunƙuni, na tsaya a gindin wata darbejiya bayan taga, kusa da mai sayar da rake. Ko gyara tsayuwa ban yi ba sai na ji wata ƙara ta tashi daga ciki, har ɗakin ya yi tsit. Muryar da ban san ta ba sai a karatu da salla, ita ce ke cewa wayyo Allah, wayyo Inna, tana kiran kakata da ta rasu tun ina goye. Na ji gudun takalmin Sista, na ji tana kiran likita. Ban san lokacin da na ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi ba, hawaye na zuba.

Mai rake ya ce, "Wa ka ihun ga?"

Na ce, "Babana ne."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ja baron rakensa ya koma wata inuwar.

Hanji ne ya murɗe. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai haƙuri. Baba ya warke ya koma zaurensa, kuma har ya bar duniya ba mu taɓa tayar da zancen ba. Amma a ranar, da aka turo shi a gadon taya za a kai shi tiyata, ta barandar da ke kusa da ni aka biyo. Yana ta nishi, sai idonsa ya faɗa kaina. Nan take ya haɗiye, ya cije leɓe, har yana laluben hularsa zai gyara. Na ga yadda haɗiyewar ke cin sa. Sai na juya masa baya, na kafa goshina a jikin darbejiyar. Jim kaɗan na ji ya ci gaba da nishinsa, ni kuma ban waiwaya ba har aka rufe ƙofa.